Darasi: Yadda Ake Hasashen CGPA Daga Makin JAMB Ta Amfani Da Excel

Duk ƙarshen zangon karatu, shagunan kwamfuta na Sabon Gari da Fagge kan cika da ɗaliban ajin ƙarshe, kowa riƙe da filashi yana neman wanda zai yi masa lissafin babi na huɗu. A biya kuɗi, a karɓi takarda cike da lambobi, ranar kare aiki malami ya ce "me wannan lambar take nufi?" sai ido ya raina fata. Darasinmu na yau zai nuna maka yadda za ka yi wannan lissafi da hannunka, da misalin tambayar da ɗaliban ilimi suka daɗe suna yi: shin makin shiga jami'a yana nuna irin sakamakon da ɗalibi zai fita da shi?

Dabarar ita ce rigireshan, wato lissafin hasashe. Idan abu ɗaya kake amfani da shi wajen hasashen wani, wannan shi ne mai sauƙi. Idan ka haɗa abubuwa biyu ko fiye, shi ne rigireshan mai ma'auni da yawa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1805 Bafaranshen nan Legendre ya wallafa hanyar da ake bi, kuma har yau ita kwamfutarka take bi: ta nemo layin da jimillar kurakuransa, bayan an ninka kowane kuskure da kansa, ta fi ƙanƙanta.

Abin da za ka tanada

Mu ɗauka kana nazari kan ɗaliban wani sashe a Jami'ar Bayero. Kana buƙatar shafi huɗu a Excel, kowane layi ɗalibi ɗaya. A shafin A sa makin UTME, wanda JAMB ke bayarwa cikin 400 daga darussa huɗu. A B sa makin jarrabawar tantancewa ta jami'a, wato Post-UTME. A C sa sakamakon WAEC ko NECO. A D kuma sa CGPA ɗin da ɗalibin ya kammala da shi, cikin 5.00.

Shafin C ne yake ruɗa mutane. A WAEC, A1 ya fi C6, wato ƙaramar lamba ita ce babba. Idan ka shigar da su yadda suke, sakamakonka zai fito da alamar ragi, ka yi zaton ƙoƙari a sakandare illa yake yi. Juya su: A1 ya zama 6, B2 ya zama 5, haka har C6 ya zama 1, sannan ka tara na darussa biyar. Mafi yawa 30 ke nan.

Waɗanda suka shigo ta hanyar DE ka ware su, domin ba da makin UTME aka ɗauke su ba. Kada ka cike musu gurbi da sifili, zai ɓata maka komai. Sannan ka duba shekarar shiga: a 2016 gwamnatin tarayya ta dakatar da jarrabawar Post-UTME, aka dawo da ita a 2017, don haka 'yan wannan shekarar za su iya zuwa da gurbi a shafin B. Sunaye da lambobin rajista kuwa ka goge su kafin fayil ɗin ya bar hannunka. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ko babu doka, sakamakon mutum ba abin yawo da shi a filashi ba ne.

Yadda ake yi

A kwamfuta, shiga File, sai Options, sai Add-ins, ka kunna Analysis ToolPak. Daga nan je Data, danna Data Analysis, zaɓi Regression. A akwatin Y sa shafin D, a akwatin X sa A zuwa C. Dole shafukan X su kasance a jere, maƙwabtan juna.

Idan waya ce kawai gare ka, buɗe Google Sheets ka rubuta:

=LINEST(D2:D201, A2:C201, TRUE, TRUE)

A kula sosai: LINEST a juye take kawo amsa. Lambar farko daga hagu ta shafin C ce, sai B, sai A, ta ƙarshe ita ce tushe. Wanda bai san wannan ba zai ba JAMB nauyin WAEC, ya rubuta babi guda a kan kuskure. Mai son abu irin SPSS ba tare da biyan lasisi ba, akwai jamovi da PSPP, duka kyauta ne, sun fi kwafin da aka fasa mai zuwa da ƙwayar cuta.

Karanta sakamako

Lambobin da ke tafe misali ne na koyarwa, ba sakamakon wata jami'a ba. A ce kwamfuta ta ba ka:

CGPA = 0.40 + 0.006×UTME + 0.015×Post-UTME + 0.03×WAEC

Ɗalibi mai 240 a UTME, 60 cikin 100 a Post-UTME, da 20 a WAEC zai samu 0.40 + 1.44 + 0.90 + 0.60, wato 3.34. Wannan ya faɗa aji na biyu na ƙasa, wanda yake daga 2.40 zuwa 3.49.

Ma'anar 0.006 ita ce: idan ɗalibai biyu sun yi daidai a Post-UTME da WAEC, amma ɗaya ya fi ɗaya da maki 50 a UTME, ana sa ran ya fi shi da 0.30 a CGPA. Wannan sharaɗi na "idan sauran sun yi daidai" shi ne gishirin dabarar, kuma shi malamai suke son ji daga bakinka. Kada kuma ka ga 0.03 ta fi 0.006 ka ce WAEC ta fi JAMB tasiri. Ma'auninsu ya bambanta, ɗaya cikin 30 ne, ɗaya cikin 400. Kamar kwatanta mudu ne da buhu.

Sai R Square. Idan ta nuna 0.25, to kashi 25 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin ɗalibai ne waɗannan makin suka bayyana. Ragowar yana wani wuri: rashin lafiya, yajin aiki, kuɗin mota, aure, ko ɗalibin da kullum sai ya buɗe shago a Kantin Kwari kafin ya kama hanyar makaranta.

Lambar da na fi so a duba, kuma aka fi tsallakewa, ita ce Standard Error ta saman teburin. A ce ta nuna 0.55. Ninka ta biyu, ka samu 1.10. Ke nan ɗalibinmu mai 3.34 zai iya faɗawa ko'ina tsakanin 2.24 da 4.44, daga aji na uku har bakin ƙofar aji na ɗaya da ke farawa daga 4.50. To ka ga lissafin yana da amfani wajen maganar ɗalibai 200 a dunƙule, amma wanda ya ɗauke shi ya yanke wa yaro ɗaya hukunci cewa ba zai yi kataɓus ba, ya zalunce shi.

Tarkon da ba a gani

Babbar matsalar irin wannan nazari ita ce, waɗanda aka ɗauka kawai muke da CGPA ɗinsu. Wanda ya ci 150 bai samu gurbi ba, ba mu san me zai yi ba. A sashe irin likitanci, inda kusan kowa da babban maki ya shigo, tazarar makin ta ƙuntata, sai alaƙar ta fito da rauni ko da jarrabawar tana aikinta. Don haka ƙaramar R Square ba hujja ba ce ta cewa JAMB ba ta da amfani. A Amurka ma wannan matsalar tana cikin muhawarar da ake yi kan jarrabawar GRE ta shiga digiri na biyu. Kuma kada ka hasashi sakamakon mai maki 140 da lissafin da aka gina kan masu 200 zuwa 300.

UTME da Post-UTME kuma kusan abu ɗaya suke aunawa, wanda ya ci ɗaya yakan ci ɗayar. Idan sun yi kama da yawa, kwamfuta takan rasa wanda za ta ba nauyi, sai ka ga P-value ta ɗayansu ta haura 0.05 alhali shi kaɗai yana da ƙarfi. Gwada =CORREL(A2:A201, B2:B201) tun da farko ka ga kusancinsu.

Kada ka zuba 'yan Injiniya da 'yan Tarihi a tukunya ɗaya, domin yadda ake ba da maki ya bambanta daga sashe zuwa sashe. Sannan ka gina lissafinka da ɗalibai 150, ka ɓoye 50 a gefe. Bayan ka gama, yi hasashen waɗannan 50 ɗin, ka buɗe sabon shafi ka debe hasashen daga ainihin CGPA ɗinsu. Idan kurakuran sun yi kusa da Standard Error ɗin da ka samu, lissafinka ya tsaya da ƙafarsa. Idan sun zarce ta nesa, koma ka duba shafin C tukuna.