YARON DA BA A ZAƁA A FILIN ƘWALLO



Ina da yaron da in ana raba 'yan ƙwallo a layinmu, shi ake ɗauka a ƙarshe. Ran nan ya ce min, "Baba, ni fa ban iya komai ba." Daga nan ya daina fita, sai danna waya. Na yi ta faɗa, kafin na gane ba motsa jiki ya tsana ba, dariyar yara ce ta kore shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum. Ba lallai sai an yi gasa ba. Sai muka koma abin da ba a cin kowa: gara taya, hawan keke, tsallen igiya, ban ruwan shuka, da takawa tare zuwa masallaci mai ɗan nisa. Yanzu shi ke tuna min lokacin fita.

Iyaye, jikin yaro amana ne, zuciyarsa ma haka. Kar mu kira shi rago, kar mu gwada shi da ɗan maƙwabci. A tambaye shi wanda yake so, a yi tare da shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a.