Yadda Ake Haska Labarin Yara a Jikin Gini

Haska hoto bisa surar gini fasaha ce ta amfani da majigi wajen jefa hotuna masu motsi a kan abin da ba shimfiɗaɗɗe ba, ta yadda kowace taga da ginshiƙi da ƙofa za su karɓi rabonsu na hoton daidai da girmansu, har mai kallo ya ɗauka ginin ne da kansa yake motsi. Tun a 1969 aka gwada ta a Disneyland da ke Amurka, inda aka haska fuskokin mawaƙa a kan kawunan mutum-mutumi, amma ta fi samun gindin zama a bukukuwan haske irin na birnin Liyon a Faransa, wanda ake yi a farkon Disamba, kuma ya samo asali daga kyandirorin da mazauna birnin suka jera a tagoginsu ranar 8 ga Disamba, 1852. A bikin 2013, Damien Fontaine ya haska wani aiki a dandalin Terreaux wanda ya gina bisa Le Petit Prince, labarin ƙaramin ɗan sarki da Antoine de Saint-Exupéry, haifaffen birnin, ya wallafa a 1943.

Irin wannan aiki yakan fara da tankaɗe labarin, domin masu kallo a tsaye suke cikin sanyi da cunkoso, kuma 'yan mintoci kawai ake da su, saboda haka sai a zaɓi wuraren da ido zai gane ba tare da dogon bayani ba, kamar, a labarin ƙaramin ɗan sarkin, faɗuwar jirgin sama a hamadar Sahara, ko furen da yaron yake kula da shi, ko bishiyoyin kukar da suke barazanar tarwatsa ƙaramar duniyarsa.

Daga nan sai awon ginin, wanda shi ne mataki mafi buƙatar haƙuri, tunda duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Ana amfani da na'urar leza, wadda take harba haske tana lissafin nisan kowane ɗigo na bangon, ko kuma a ɗauki hotuna masu yawa daga kusurwoyi daban-daban a haɗa su, har kwamfuta ta fitar da kwafin ginin mai tsawo da faɗi da zurfi. A kan wannan kwafi masu zane suke tsara motsin, kuma a nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo, domin ɗan koyo yakan ɗauki bangon tamkar farin ƙyallen silima ya yi watsi da siffarsa, alhali gwani yakan sa saiwoyin kuka su bi tsagin duwatsu, tagogi su rikiɗe su zama taurari, ginshiƙai kuma su karkata kamar saiwar ce ta ture su. Inuwar ƙarya da ake zanawa ita ke ba da wannan zurfin, kuma tana yin tasiri ne kawai idan an lissafa ta daga inda jama'a za su tsaya.

Idan zane ya kammala, sai a kafa majigai a kan dandamalin ƙarfe, kowane ɗaya da ƙarfin haske na dubban lumen, wato ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa, wanda a manyan ayyuka kan kai 20,000 ko fiye. Majigi ɗaya ba ya rufe babban gini, don haka ake jera da dama, a sa gefen hasken kowanne ya hau kan na maƙwabcinsa, sannan a dusashe wurin haɗuwar don kada wani layi mai tsananin haske ya bayyana.

Daidaitawar ƙarshe da dare ake yin ta, bayan an rage fitilun dandalin. Akan haska raga mai layuka a jikin bangon, sai ma'aikaci ya yi amfani da manhaja irin MadMapper ko Resolume yana jan kusurwoyin hoton ɗaya bayan ɗaya har su zauna a kan kusurwoyin dutsen, yana kuma rufe wuraren da ba a so haske ya taɓa. Kiɗa da muryar mai ba da labari ana ɗaure su da hoton a kan agogo guda don kada ɗaya ya riga ɗaya, kuma kowace yamma sai an sake duba ragar kafin jama'a su taru, domin ɗan motsin da iska ta yi wa majigi yakan zama karkata babba a jikin bangon da ke nesa.