Darasi Game da Maganin Damuwa ta Hanyar Zance

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, sau da yawa akan kawo mana magidanci wanda barci ya ƙaurace masa, ko yaro wanda ya daina magana tun ranar da ɓarayin daji suka afka wa garinsu, a ce mu yi addu'a. Muna yi. Amma amana ce a kanmu mu sanar da ku cewa akwai maganin da masana halin ɗan Adam suke yi da zance. Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya nuna yadda ake tunkuɗe mugun tunani da kyakkyawa.

Na farko, maganin manya. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, wanda Aaron Beck ya tsara a Amurka cikin shekarun 1960. Akan zauna sau ɗaya a mako, galibi zama 5 zuwa 20. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, yana ganin ba shi da sauran amfani, sai a auna wannan zato da hujja, a ɗora masa ƙaramin aiki kowace rana. Mai tsoron mota bayan haɗari kuwa akan kusantar da shi gare ta sannu a hankali har fargabar ta kwanta.

Na biyu, maganin yara. Yaro ba ya iya fayyace abin da ke cin ransa, don haka akan ba shi takarda ya yi zane, ko yumɓu ya ƙera, masani yana lura yana tambaya. Iyaye ma ana koya musu yabo da lallashi, domin bulala ba ta hana fitsarin kwance da firgita ta haifar.

Na uku, maganin iyali. Ana tara miji da mata da ƴaƴa wuri guda. Ba a neman mai laifi. Ana duba yadda magana take gudana a gidan, wa ake saurara, wa ake tsawata wa, sannan a sasanta sabuwar hanya.

Mu kiyaye: wanda yake jin muryoyi, ko yake zancen halaka kansa, zance kaɗai bai ishe shi ba. A gaggauta kai shi asibiti, kada a ɗaure shi da sarƙa. Babban asibitin Yamai yana da sashen masu taɓin hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 yana fama da irin waɗannan larurori. Ke nan da wuya a cika sahu babu ɗayansu. Mu rufa musu asiri, mu raka su neman magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.