Darasin Kimiyya: Guga, Igiya Da Fuli A Bakin Rijiya

Rurum Sabon Gari, a ƙaramar hukumar Rano, tana kusa da madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974. Duk da haka rijiya ba ta rasa masu ja. Darasin wannan wata zai nuna yadda lissafi ke rage wahalar jan ruwa.

Abu na farko da za a riƙe shi ne, lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Guga mai cin lita 18, idan nauyinta ita kaɗai kilo 2 ne, to, a cike ta zama kilo 20.

Wanda ya duba icen da ake girkawa a bakin tsohuwar rijiya zai ga igiya ta yi masa zanen kwari. Wannan aikin gogayya ne. Gogayya tana cinye wani sashe na ƙarfin mai ja, tana kuma cin igiya har ta tsinke. Idan ana haƙar rijiya ne, bokitin ƙasa yana sama, mutum yana ƙasa, tsinkewar igiya na iya zama ajali.

Maganin wannan shi ne fuli, wato wili mai kwari a tsakiya, irin wanda bel ke bi a injin niƙa. Fuli guda da aka rataye a sama ba ya rage nauyin guga. Kilo 20 na nan a kilo 20. Amfaninsa biyu ne: yana rage gogayya, kuma mutum zai ja ƙasa da nauyin jikinsa maimakon ya sunkuya yana ɗagawa da ƙugu.

Idan aka ƙara fuli na biyu a jikin guga, igiya biyu ce ke ɗauke da ita, kowace kilo 10. Mai ja zai ji kilo 10 kacal. Amma ba a samun rangwame a banza: rijiya mai zurfin mita 12, sai ya ja igiya mita 24.

Akwai kuma dabarar jigo da masu lambu suka sani. A ɗaura buhun yashi a ɗaya bakin igiyar, guga na hawa, buhu na sauka cikin rijiya. Wani masani a Ingila, George Atwood, ya yi nazarin irin wannan haɗi a 1784. Ƙa'idar ita ce: nauyi biyu a igiya ɗaya, bambancinsu kaɗai ake ja.

To, buhun kilo nawa ya dace? Idan kilo 11 ne, wajen hawan guga: 20 a cire 11, saura 9. Wajen zura guga babu ruwa: 11 a cire 2, saura 9. Aiki ya rabu daidai, ban da ɗan abin da gogayya za ta ci. Sai dai a kula, kada a saki igiya bayan an juye ruwa, domin buhu zai rufta ƙasa, guga ta yi tsalle ta bugi na kusa.

Aikin gida: Bokitin ƙasa kilo 30 ne a cike, kilo 4 idan babu komai. Buhun kilo nawa zai raba aikin daidai, kuma kilo nawa mai ja zai ji? A kai amsa wa malamin ajin yaƙi da jahilci.