Likitanci: Daga Aji Huɗu Ake Fara Shiri

Tambaya: Malam, ƴata za ta shiga aji huɗu na sakandare, burinta likitanci. Waɗanne darussa za ta ɗauka? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, kin yi tambaya a kan kari. Ta shiga ajin kimiyya, ta riƙe Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistri da Bayoloji. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna neman kiredit a duka biyar ɗin, a WAEC ko NECO, kuma an fi son a same su a zama ɗaya. A JAMB huɗu za ta rubuta, ban da Lissafi, maki 400 ne jimla.

Ɗaya daga cikin wuraren da yara kan yi tuntuɓe shi ne Fizik. Sai ki ga makaranta ba malamin darasin, ɗakin gwaji a kulle, yarinya ta kai aji shida ba ta taɓa riƙe ma'aunin lantarki da hannunta ba. Ki je da kanki ki tambayi shugaban makarantar wa ke koyarwa, sau nawa a mako. In babu, a nema mata darasin yamma tun bana, ko a sauya makaranta. Kada kuma a ruɗe ta da cewa darasin Noma zai maye gurbin Bayoloji. A likitanci ba a karɓa.