Haƙƙin Mai Neman Barin Shaye-shaye A Kanmu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuban bayinSa dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammad (S.A.W) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwana mata, wa'azi a kan haramcin shaye-shaye mun sha jin sa a masallatai da rediyo da wuraren walima, kuma babu Musulmar da take shakkar hukuncin. Darasinmu na wannan fitowa a kan wanda ya riga ya faɗa ne, kuma yake kokawar fita. Yaya ya kamata mu zauna da shi? Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi wani abu ne da ya faru a ajina, wanda ni ma ina da kason laifi a cikinsa.

Abin da ya faru a ajinmu

Ina koyar da ajin matan aure da zawarawa bayan La'asar a nan Achilafiya. Wata 'yar uwa matashiya ta shigo ajin bayan aurenta ya mutu a birni saboda shan kodin, iyayenta suka kai ta asibiti ta yi makonni aka sallamo ta. Garinmu ƙarami ne, kowa ya san labarin. Takan zo da wuri ta zauna a ƙarshen tabarma, kuma ta fi kowa ƙoƙarin hadda. Ran nan wata ɗaliba ta nemi kuɗin adashin da ta ce ta zo da su ta rasa. Babu wadda ta kama suna, amma duk idanu suka koma ƙarshen tabarma. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ai mai hali ba ya fasa halinsa." Na ji da kunnena, na yi shiru, na ce a ci gaba da karatu.

Washegari mai kuɗi ta ga kuɗinta a gida, amma ita 'yar uwar tamu ba ta sake zuwa ba. Da na je gidansu bayan kwana goma, mahaifiyarta ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malama, ta koma." Ita kuma abin da ta ce mini bai wuce wannan ba: "Wata huɗu ban taɓa ba, Malama, amma babu wanda ya ƙirga mini su."

Kada mu ɗauka ita kaɗai ce. A shekarar 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake cinikinsa. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a farkon 2019 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wata ƙwaya cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. To kin ga da wuya a samu dangin da abin bai shafa ba.

Darasi na farko: yadda aka haramta giya

Allah (S.W.T) da Ya san halin bayinSa bai haramta giya a rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara aya ta 219 aka nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar sallah cikin maye. Sai a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka yanke hukunci gaba ɗaya. Uwar Muminai Nana A'isha (R.A) ta bayyana hikimar, kamar yadda Bukhari ya ruwaito: an fara gina zukata da ambaton Aljanna da wuta, da kuwa hana giya aka fara saukarwa, da mutane sun ƙi bari.

A kula, hukunci ya riga ya cika, duk abin da ke sa maye haramun ne kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Abin da muke koya a nan shi ne hanyar tarbiyya. Idan al'ummar da ta fi kowace alheri an bi da ita mataki-mataki, yaya za mu sa ran ɗanmu da ya yi shekara biyar yana shan tiramol ya zama waliyyi cikin mako guda? Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na biyu: wanda ya zame bai fita daga cikinmu ba

Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A) labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda yakan sa Annabi (S.A.W) dariya. An sha kawo shi ana yi masa hukunci saboda giya. Wata rana da aka sake kawo shi, wani ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi. Annabi (S.A.W) ya hana tsinuwar, kuma ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Abu Huraira (R.A), da wasu suka yi wa wani mashayi mummunar addu'a, Annabi (S.A.W) ya hana su, ya nuna musu cewa yin hakan taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan uwansu.

Ki duba da kyau, 'yar uwa. An tsayar da hukunci, ba a ce laifin ba laifi ba ne, amma mutuncin mutumin da imaninsa an bar masa. Burin Shaiɗan shi ne mashayi ya yanke ƙauna daga rahamar Allah, abin da Suratuz Zumar aya ta 53 ta hana. Duk ranar da muka ce wa mai tuba "ɗan ƙwaya" ko muka janye 'ya'yanmu daga kusa da shi a bainar jama'a, aikin Shaiɗan muka sauƙaƙa. Shirun da na yi a aji shi ma yana ciki.

Darasi na uku: amincewar mace ɗaya

Malaman tarihi sun kawo labarin Abu Mihjan Assaƙafi, jarumin da giya ta addaba. A yaƙin Ƙadisiyya, zamanin halifancin Sayyidina Umar, kwamanda Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (R.A) ya tsare shi cikin mari. Da yaƙi ya yi zafi, ya roƙi Salma matar Sa'ad ta kwance shi, bisa alƙawarin in ya tsira zai dawo. Ta yarda da maganarsa. Ya hau dokin Sa'ad ya yi yaƙin da ya ba kowa mamaki, sannan ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Da Sa'ad ya ji, ya sake shi, shi kuma ya ɗauki alƙawarin barin giya har abada. Abin da bulala ta kasa, amincewa ta yi shi.

Abin da likitoci suka sani

Wanda jikinsa ya saba da kodin ko tiramol, in ya daina, yakan yi kwanaki yana fama da ciwon gaɓoɓi, gumi, gudawa, rashin barci da ƙunci. Wannan ba iskanci ba ne kuma ba aljanu ba ne, jiki ne yake neman abin da aka saba masa. Wanda kuma ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin barci irin su roci, dainawa farat ɗaya tana iya jawo masa jijjiga har ta kai ga rasa rai, don haka sai da kulawar likita. Haka nan likitoci suna kwatanta larurar da hawan jini ko asma, wato takan lafa ta kuma taso. Mafi haɗari shi ne wanda ya daina na wasu watanni sannan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, domin jikinsa ba zai iya ɗauka ba.

Muna da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano, kuma hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mu guji kai 'ya'yanmu inda za a ɗaure su da sarƙa ana duka. Mun ga halin da aka samu mutane a ciki lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da nan Daura maƙwabciyarmu a 2019.

Abin da ya rage gare mu

1. Mu rufa asiri. Labarin jinyarsa ba hirar gidan biki ba ce.
2. Mu ƙirga masa kwanakinsa, mu yaba. Mako guda ma nasara ce.
3. Mu ba shi abin yi, ko ɗinki ko kiwo ko zuwa gona, domin zaman banza da tsofaffin abokai su suke mayar da mutum.
4. Tausayi ba sakaci ba ne. Kada a ba shi kuɗi masu yawa a hannu, kada a bar magunguna a sake a ɗaki, amma a yi hakan ba tare da wulaƙanci ba.
5. In ya zame, a mayar da shi asibiti da wuri, a sake farawa.
6. Uwa ta kiyaye bakinta. Addu'arta karɓaɓɓiya ce, kada ta ɓata ta a tsinuwa.

Ita 'yar uwarmu, na tsaya gaban aji na faɗi laifina, wadda ta yi maganar ma ta bi ni gidansu ta nemi gafara. Ta koma wajen likita, ta dawo karatu. Yanzu duk Alhamis in an tashi takan raɗa mini adadin makonninta, ni kuma in rubuta a bayan rajista. Ban san abin da gobe za ta zo da shi ba, amma na san inda zan tsaya in ta sake zamewa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu fama da wannan jarrabawa lafiya da tabbatuwa, Ya yafe mana kurakuranmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.