Tambari da Zayyana: Darasi Daga Masaƙun Kakuri

Duk wanda ya san Kakuri, kudu da kogin Kaduna, a shekarun 1980, ya san cincirindon ma'aikata a ƙofar masaƙu. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. UNTL kuwa, wadda aka kafa a 1964, ta dakatar da aiki a 2007. Dalilan suna da yawa, kamar ƙarancin lantarki da fasa-ƙwauri. Amma akwai wanda ya shafi doka kai tsaye, wato jabu. Akan kwaikwayi adon atamfar Nijeriya da tambarinta a wasu masaƙu na ƙasar Sin, a shigo da ita a ɓoye, a sayar da arha.

Doka ta ware abubuwa uku da masaƙa za ta iya mallaka. Na farko shi ne ƙirƙira, alal misali sabuwar dabarar rini. Dokar Nijeriya ta 1970 tana ba mai ita kariya ta shekara 20. Na biyu shi ne zayyana, wato adon da ke jikin atamfa, wadda ake yi wa rajistar shekara 5, a sabunta sau biyu. Na uku shi ne tambari, wato suna ko alamar da mai saye yake gane kaya da ita. Dokar 1965 ta ba shi shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Sai dai rajistar da aka yi a Abuja ƙarfinta bai wuce iyakar Nijeriya ba. Wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyoyi. Ta birnin Paris, ta 1883, wadda Nijeriya ta shiga a 1963, ta ba wanda ya nemi rajistar tambari ko zayyana a gida wata 6 ya nema a sauran ƙasashe ba tare da wani ya sha gabansa ba. Tsarin Madrid kuma yana ba da damar neman rajistar tambari a ƙasashe fiye da ɗari da takarda guda. Nijar ta shiga tsarin a 2015 ta hanyar ƙungiyar OAPI, amma har zuwa 2024 Nijeriya ba ta shiga ba.

An sami sauye-sauye a 'yan shekarun nan. A 2023 Nijeriya ta gyara dokar tambari, ta haɗa da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka. A Mayun 2024, a ƙarƙashin hukumar WIPO, aka amince cewa mai neman mallakar ƙirƙirar da ta dogara ga tsirrai ko ilmin gargajiya ya bayyana inda ya samo su. A Nuwamban 2024 kuma aka ƙulla yarjejeniyar Riyad don sauƙaƙa rajistar zayyana. Ta tanadi wa'adin wata 12 ga wanda ya riga ya nuna zayyanarsa a fili kafin ya nemi rajista.

Rajista ita kaɗai ba ta tsare iyaka. Wannan aikin kwastan ne da kotu. Amma wanda bai yi ta ba, da wuya ya sami hujja a gaban alƙali.

Aikin aji: ɗalibi ya duba bakin turmin atamfa, ya rubuta abin da aka buga a wurin, sannan ya bambanta tambari da zayyana.